Gini a Gangaren Tudu da Ruwan Dam: Tambayoyi da Amsoshi

Ruwan da ke taruwa a dam daga tuddan da ke kewaye da shi yake gangarowa. Waɗannan tuddan kuwa su ne masu neman fili suka fi kwaɗayi, saboda iska da kyan gani da nisa daga hayaniyar gari. Nan ne rigima ke tashi tsakanin hukumar ruwa da masu gini. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Gidan da ba a bakin dam yake ba, me ya haɗa shi da ruwan sha?

Kowane dam yana da makwararsa, wato duk faɗin ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta, ƙarshensa cikin dam ɗin zai tsaya. Iyakar makwarara doron tudu ce: abin da ya sauka ta wannan gefe na dam ne, abin da ya sauka ta wancan gefe na wani kogin ne. Don haka gida yana iya yin nisan kilomita biyar da bakin ruwa, amma in akwai ƙorama a ƙarƙashinsa, cikin sa'o'i kaɗan bayan an ɗauke ruwa abin da ya wanku daga tsakar gidan ya isa dam. Masu tsara gari da suka san aikinsu ba sa tambayar nisan gida da dam kawai. Tambayarsu ita ce, in ruwa ya bar gidan nan ta ina zai bi, kuma me zai tare shi a hanya.

Me ya sa gangara ta fi shimfiɗaɗɗen fili haɗari?

A fili shimfiɗaɗɗe ruwa yakan kwanta ya nutse a hankali. A gangara gudu yake yi, kuma ƙarfinsa ba daidai da saurinsa yake ƙaruwa ba: in saurin ya ninka biyu, ƙarfin da yake tafe da shi ya ninka huɗu. Ruwan da zai ratsa ciyawa a fili bai ɗauki komai ba, shi ne a gangara zai kwashe turɓaya da yashi har da tsakuwa.

Ga kuma ƙasar kanta. A jikin tudu yawanci siririya ce, dutse na kusa, saiwoyin itatuwa da ciyawa ne ke riƙe da ita. Mai gini kuwa ba ya iya aza harsashi a karkace. Dole katafila ta yanke tudun ta sama, ta tura ƙasar ta cike ta ƙasa, a sami wuri madaidaici. Sai a wayi gari da matsala biyu: bango na ɗanyar ƙasa a baya wanda aka cire wa abin da ke tokare da shi, da tulin ƙasa sako-sako a gaba wanda ruwan farko zai fara lasa. Kuma filin da ake sharewa yakan fi girman gidan nesa ba kusa ba, domin sai an yi hanyar da tifa za ta hau.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa lakar da ke fita daga wurin da ake gini takan ninka ta gona sau 10 zuwa 20, ta ninka ta daji sau 1,000 zuwa 2,000. Damina ɗaya da fili a tsiraice ta isa ta kwashe ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana samuwa.

Ta yaya ake auna gangara, kuma daga ina ake cewa ta yi yawa?

Da kaso cikin ɗari. In ka yi tafiyar mita 100 a miƙe ƙasa ta ɗaga da mita 15, gangarar kashi 15 ce. In ta ɗaga da mita 25, kashi 25 ke nan. A ido ba ta da ban tsoro, don kashi 25 bai wuce digiri 14 ba, shi ya sa masu saye ke raina ta.

Dokokin garuruwa da yawa sun tsaya a kan waɗannan lambobi biyu. Daga kashi 15 sai da sharuɗɗa: rahoton injiniya, iyakar abin da za a share, tsarin tare laka. Daga kashi 25 kuma a hana gaba ɗaya ko a bar ƙofa 'yar ƙarama. Lambobin ba wahayi ba ne. Ƙasa mai yumɓu da ke shan ruwa ta kumbura tana iya zamewa a gangarar da ƙasa mai dutse za ta tsaya daram. Amma lamba a rubuce, wadda safiyo zai auna kowa ya gani, ta fi doka mai cewa "kada a yi gini inda zai cutar da ruwa". Irin wannan jimlar, kowane jami'i da fassararsa, kuma fassarar takan bi nauyin aljihun mai nema.

In an gama gini an shuka ciyawa da furanni, ba shi ke nan ba?

Zaizayar lokacin gini takan lafa, amma wata ta maye gurbinta. Rufin kwano da daɓen siminti da kwalta ba sa shan ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 30, zai zubar da lita 6,000, wato duro 30 masu cin lita 200. Unguwa mai gida 300 ta saki lita miliyan 1.8 ke nan daga rufi kaɗai, ba a lissafa titi da tsakar gida ba. Da can wannan ruwan ƙasa ke shanye mafi yawansa, ya riƙa tsattsafowa cikin ƙoramu har rani. Yanzu lokaci guda yake saukowa, ya cinye gaɓar rafi, ya buɗe kwazazzabo, da rani kuma rafin ya ƙafe da wuri.

Masu nazarin koguna sun daɗe da lura cewa da zarar wuraren da ba sa shan ruwa sun kai kusan kashi 10 na makwarara, lafiyar rafi ta fara taɓarɓarewa. Kashi 10 ba wani yawa ba ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne titi. Gida a wuri ɗaya yake zaune, titi kuwa ratsa tudu yake yi daga ƙasa har sama, yana tare ruwan da ke gangarowa a warwatse, ya tara shi a lambatu, ya sake shi da ƙarfi ta bakin kwalbati. In ka ga rami ya tsaga jikin tudu, bi shi sama, galibi a bakin kwalbati za ka tsaya. Kuma titi ne ke kiran sauran gidaje.

To laka ce dai. Me laka za ta yi wa dam?

Tana cin wurin ruwa. Masana madatsun ruwa sun ƙiyasta cewa duniya na asarar tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na ma'ajin damammakinta kowace shekara saboda laka. Daga sama ba a gani, dam yana nan shafe da ruwa, sai shekarar fari ta zo a tarar tudun taɓo ne a ƙasa. Yashe dam kuma aiki ne mai tsada ƙwarai, ga neman inda za a zubar da abin da aka kwaso.

Sannan laka ba ita kaɗai take zuwa ba. Sinadarin fosfaras na takin zamani da na najasa yana manne wa ƙwayoyin ƙasa ya biyo su, ya zama abincin gansakuka. Ruwa mai gurɓi kuma yana ba ƙwayoyin cuta mafaka, kulorin ya kasa kai musu yadda ya kamata. Matatar ruwa sai ta ƙara alif, ta yawaita wanke matatanta, wani lokaci ta tsaya cak bayan babban ruwa har gurɓin ya kwanta.

Masai da sokawe fa? Ai a ƙarƙashin ƙasa suke.

Sokawe ba ya kashe ƙazanta da kansa. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ke tacewa, in tana da zurfi kuma ruwan yana ratsa ta a hankali. A jikin tudu, inda ƙasa ba ta da kauri, ruwan masai yakan tarar da dutse, ya bi samansa ya gangara, ya ɓullo can ƙasa kamar idon ruwa. Mai gidan ba zai taɓa sani ba, don ba a gidansa yake fitowa ba.

Abin da ke ciki sananne ne: ƙwayoyin kwalara da taifot da gudawa, sai sinadarin naitaret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitaret a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha, musamman saboda jarirai, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar da suke shaƙa. Tafasa ruwa ba ta cire shi.

Ba don haka aka gina matatar ruwa ba? Ai za ta tace komai.

Wannan ita ce hujjar da masu gini suka fi kawowa, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya: da kuɗi ana iya tace kusan kowane irin ruwa. Tambayar ita ce kuɗin wa, kuma me zai faru ranar da matatar ta yi tuntuɓe.

A 1993 a birnin Milwaukee na Amurka, wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosforidiyam, wadda kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, ta ratsa matatar ruwa a lokacin da ruwan tafkin Michigan, wanda birnin ke sha, ya gurɓace. Kimanin mutum 400,000 suka kamu da gudawa. A watan Agusta na 2014 kuma mazauna birnin Toledo na Amurka, su ma wajen 400,000, aka hana su shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda dafin gansakuka daga tafkin Erie, har aka gargaɗe su kada su tafasa, don tafasawa ƙara wa dafin kauri take yi. Duka biranen biyu suna da matata, kuma ba gini a tudu ne ya jawo musu ba. Abin da suka nuna shi ne matata katanga ɗaya ce, kuma katanga ɗaya takan faɗi.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. In ruwa ya cika da ruɓaɓɓen ganye da najasa aka ƙara masa kulorin, haɗuwarsu na haifar da wasu sinadarai da su ma doka ta ƙayyade yawansu a ruwan sha. Wato ƙara magani ba hanya ce marar iyaka ba.

Akwai birnin da ya kare tuddansa ya ga amfanin hakan?

New York ce misalin da aka fi kawowa, kuma ta cancanta, don a birni ɗaya aka ga hanyoyin biyu. Kusan kashi 90 na ruwanta daga tsaunukan Catskill da yankin Delaware yake zuwa. A shekarun 1990 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa ta zaɓi: ko ta gina matatar da aka ƙiyasta za ta ci dala biliyan 6 ko fiye, ko ta tabbatar ruwan zai zauna da tsabta tun daga tushe. A 1997 birnin ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan da ke tsaunukan. Ya riƙa sayen filaye daga masu son sayarwa, har ya haura eka 100,000, ya biya kuɗin gyaran sokawe na gidajen mutane, ya taimaki manoma su raba dabbobinsu da rafuka. Dokarsa ta hana sabon daɓe ko kwalta cikin kimanin mita 30 daga rafi, da mita 90 daga dam. Har yau wannan ruwan ba a bi da shi ta matata, magani kawai ake sa masa da hasken kashe ƙwayoyin cuta.

Ɗaya ɓangaren da ke ba birnin ruwa kuwa, wato yankin kogin Croton, unguwanni sun riga sun mamaye makwararsa. Nan babu zaɓi. Matatar da aka buɗe a 2015 ta ci sama da dala biliyan 3, alhali a yawancin lokaci kusan kashi 10 kacal na ruwan birnin ke fitowa daga can.

Wasu biranen tun da wuri suka rufe ƙofa. Melbourne ta Ostareliya ta killace dazuzzukan da ke ba ta ruwa sama da shekara ɗari. Dajin Bull Run da ke shayar da birnin Portland na Amurka tun 1892 aka keɓe shi. Jihar Massachusetts ta yi doka a 1992 da ta hana taɓa ƙasa cikin kimanin mita 120 daga manyan damamman da ke shayar da Boston, da mita 60 daga rafukan da ke zuba cikinsu.

Filina ne, da kuɗina na saya. Da wane dalili za a hana ni gini?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk hukumar da ta amsa ta da gadara ta shirya wa kanta shari'a. Mallakar fili ba ta ba mutum damar zuba wa na ƙasa da shi ƙazanta, wannan kowace shari'a ta yarda. Amma in an hana mutum ɗaya amfanin filinsa don dubban mutane su sha ruwa mai kyau, adalci shi ne masu shan su ɗauki wani abu daga nauyin.

Hanyoyin suna da yawa. Ana iya sayen filin. Ana iya sayen haƙƙin gini kaɗai, mai fili ya ci gaba da riƙe abinsa yana noma ko kiwon da bai ɓata ruwa ba. Ana iya ba shi damar ƙara yawan gidaje a wani wuri shimfiɗaɗɗe a madadin tudun. In filin babba ne, a tattara gidajen a gindinsa a bar saman da itatuwansa. Kuɗin kuma daga lissafin ruwa yake fitowa: birnin Quito na Ekwado ya kafa asusun kare ruwa a 2000, kamfanin ruwa na zuba masa ƙaramin kaso na abin da yake samu, Nairobi ma ta bi sahu a 2015 don manoman tuddan kogin Tana.

Ƙarshenta dai ba talaka za a kora a bar masu hali ba?

Haka kan faru in aka yi doka aka koma gida aka kwanta. São Paulo ta Burazil ta yi dokoki masu tsauri a 1975 da 1976 don kare damammakin Guarapiranga da Billings. Da aka hana gini na halal, darajar filayen ta faɗi. Masu su suka yayyanka suka sayar a ɓoye ga mutanen da tsadar haya ta koro daga gari. Tunda unguwannin ba su da takarda, gwamnati ba ta kai musu bututun najasa ba, sai najasar ta miƙe cikin dam. Yau sama da mutum miliyan ɗaya ne ke zaune a makwararan nan biyu. A 1997 jihar ta sake doka, ta koma gyara unguwannin da ke nan da shimfiɗa musu magudanai.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya kafa bukka a jikin tudu mai zamewa ba don sha'awar kallon dam ya yi ba, inda ƙarfinsa ya kai ke nan. Dokar da ba ta zo da filaye masu araha a wani wuri ba, da masu gadi a ƙasa, takarda ce kawai. A gefe guda kuma, babban gida mai katanga da wurin wanka da doguwar hanya ta kwalta yakan share ƙasa fiye da bukkoki goma, kuma mai shi ne ya san ƙofar da ake bi a samo izini na musamman. In rusau ya tsaya kan bukkoki ya tsallake wannan, kowa ya gane ba ruwa ake karewa ba.

Ban da ruwan sha, akwai haɗari ga masu gidajen kansu?

Akwai, kuma shi ya fi gaggawa. Ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, wani sashe na dutsen Sugar Loaf ya zaftare a kan unguwar Regent da ke gefen Freetown a Saliyo. Sama da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Tuddan yankin an daɗe ana sare dajinsu ana gini, kuma a cikin jerin tsaunukan nan ne dam ɗin Guma yake, wanda ke ba birnin mafi yawan ruwansa. Itatuwan da ke riƙe ƙasa a kan gidaje su ne ke riƙe ta a kan dam.

Injiniyoyi ba su da dabarar yin gini a tudu ba tare da ɓarna ba?

Suna da ita. Ana gina bangon tokare ƙasa mai ramukan fitar ruwa. Ana aza gida kan ginshiƙai maimakon yanke tudu. Ana share fili kaɗan-kaɗan, a guji damina, a rufe ɗanyar ƙasa da ciyawa. Ana haƙa kududdufin da laka za ta kwanta kafin ruwa ya wuce. Ana dasa jema layi-layi a kwance da gangara, don saiwarta na nutsawa ƙasa sosai. Ana tara ruwan rufi a tanki.

Duk waɗannan suna aiki a gangara matsakaiciya, muddin ana kula da su. Matsalar ita ce kududdufin yana cika, ramukan bango suna toshewa, kamfanin da ya yi ginin ya sayar ya tafi, shekara goma bayan nan ba wanda ya san alhakin wa ne yashewa. Dam kuwa an gina shi ne don ya yi shekara ɗari. A ganina, daga kashi 25 zuwa sama a cikin makwararar ruwan sha, dabarar da ta fi kowace ita ce a bar wurin da itatuwansa.

Gida ɗaya tak nake so in gina. Shi zai ɓata dam?

A'a. Amma na bayanka ma haka zai ce, kuma zai nuna naka a matsayin hujja. Shi ya sa ake duba makwarara gaba ɗaya a sa mata iyaka tun kafin a fara yanka filaye, ba a riƙa auna takardun neman izini ɗaya bayan ɗaya ba.

Gidajen da aka riga aka gina fa?

Waɗanda ke inda ƙasa ke iya zaftarewa, ko a cikin hanyar ruwa, tashi ya kama su, da diyya da wurin komawa. Sauran gyara suke buƙata, kuma najasa ce farko: a haɗa su da bututun da zai fitar da ita daga makwarara, in ba hali a riƙa duba sokawe ana kwashewa a kan lokaci. Bayan haka a gyara lambatun tituna, a mayar da itatuwa bakin rafuka, a hana ƙarin gini. Wuraren wankin mota da gidajen mai da juji ba su da wurin zama a nan ko kaɗan.

Ina shirin sayen fili a kan tudu. Me zan duba?

Je ka ga filin ana tsakiyar ruwa, ba da rani ba, ka bi ruwan da ƙafa ka ga inda yake zuwa. Tambayi hukumar ruwa, ba mai sayarwa ba, ko wurin yana cikin makwararar dam. Sa safiyo ya auna maka gangarar ya rubuta. Dubi itatuwa da turakun lantarki: in sun karkata zuwa ƙasa, tudun yana motsi. Tsagewa a ƙasa ko a katangar maƙwabta, da wurin da ke jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, duk alamu ne. Haƙa rami ka ga zurfin ƙasa kafin dutse, don shi zai gaya maka ko sokawe zai yi aiki. Sannan ka nemi a yi maka lissafin bangon tokare ƙasa da hanya da magudana kafin ka biya, domin sau da yawa kuɗinsu ya fi ragin da aka yi maka a kan filin.